Daga Ina Sabon Mai Koyo Zai Fara Ba da Gudummawa ga Manhajojin Buɗaɗɗen Tushe?

Wani mai koyon rubuta manhaja ya yi tambaya cewa ya shafe wasu watanni yana koyon harshen Python, ya iya rubuta ƙananan abubuwa don amfanin kansa, kuma yana jin ana cewa ba da gudummawa ga manhajojin buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda aka ba kowa izinin karanta kod ɗinsu da canza shi da rarraba shi, yana ƙara wa mutum ƙwarewa. Sai dai duk rumbun kod ɗin da ya buɗe a GitHub, shafin da ake ajiye kod ana aiki a kansa tare, fayiloli ɗaruruwa yake gani, ya rasa inda zai sa hannu. Yana so ya san daga ina ake farawa, kuma ko iliminsa ya kai ya fara.

Ɗan'uwa, game da iliminka, amsar a taƙaice ita ce ya kai ga wasu ayyuka, bai kai ga wasu ba, kuma ayyukan da ya kai gare su suna da yawa fiye da yadda kake zato. Amma kafin maganar inda za ka fara, ya kamata ka fahimci halin da mutanen da za ka aika wa aikinka suke ciki, domin duk sauran shawarwarin daga nan suke fitowa. A kowane irin wannan aiki, kowa na iya aiko da gyara, amma 'yan mutane ƙalilan ne ke da ikon karɓarsa, su ne masu kula da aikin. Duk facin da aka aiko sai ɗayansu ya zauna ya karanta shi, ya gwada, ya yi tunanin abin da zai iya ɓatawa a wani wuri, sannan idan ya karɓa, shi ne zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru bayan wanda ya rubuta ya yi gaba. Da yawa daga cikinsu ba a biyansu ko kwabo, suna yin aikin ne da dare ko a ƙarshen mako bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Lokacin da aka gano ɓarakar tsaro da aka sanya wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL a shekarar 2014, duniya ta yi mamakin jin cewa manhajar da ke kare sirrin babban kaso na shafukan intanet tana hannun mutane ƙalilan, kuma tallafin da take samu daga jama'a bai wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Wannan shi ne yanayin ayyuka da dama har yau. Abin da ya fi ƙaranci a wannan fage shi ne lokacin masu kula da aiki, don haka ma'aunin kyakkyawar gudummawa shi ne ta rage musu nauyi. Wanda ya riƙe wannan ma'auni zai iya gane da kansa abin da ya dace da wanda bai dace ba, ko da ba a gaya masa ba.

Wajen zaɓen aiki, shawarata ita ce ka fara da manhajar da kake amfani da ita da hannunka. Ka duba laburarori, wato shiryayyen kod na wasu da ƙananan manhajojinka suka dogara da shi, ka duba kayan aikin da kake buɗewa kullum a kwamfutarka. Dalilin shi ne ka riga ka san abin da manhajar take yi da abin da ya kamata ta yi, wanda shi ne rabin fahimtar kod ɗinta, kuma idan aikin ya yi tsauri, buƙatarka ta ganin an gyara matsalar za ta hana ka ajiyewa. Masu farawa da yawa suna nufar manyan sunaye kai tsaye, irin su ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ko kuma tushen Python ɗin kansa. Babu wanda zai hana ka, amma a irin waɗannan wurare layin masu jiran bita yana da tsawo, ƙa'idoji suna da tsauri, kuma matsalolin da suka rage galibi sai wanda ya daɗe a ciki. Laburare matsakaici mai masu kula biyu ko biyar ya fi dacewa da matakin farko, domin a can za a lura da zuwanka.

Kafin ka ba wa kowane aiki lokacinka, ka tabbata yana da rai. Yawan taurarin da aka ba shi a GitHub ba ya nuna haka, tunda akwai rumbuna masu taurari dubbai da aka yi shekaru ba a taɓa su ba. Abin dubawa shi ne ranar da aka yi canji na ƙarshe, sannan ka buɗe jerin buƙatun haɗa gyara da aka rufe, ka ga ko ana karɓar aikin baƙi ko kuwa na 'yan gida kaɗai ake haɗawa, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa. Ka karanta muhawara biyu ko uku tun daga farko har ƙarshe, musamman inda aka ƙi karɓar gyaran wani, domin a nan ne halin mutane ke bayyana. Idan ka ga ana yi wa masu tambaya izgili, ka nemi wani wuri, ayyukan suna da yawa.

Ka kuma duba fayil ɗin lasisi. Kasancewar kod a fili a intanet bai sa ya zama na buɗaɗɗen tushe ba. Idan babu lasisi, haƙƙin mallaka yana nan a hannun marubucin, kuma a doka ba ka da izinin rarraba shi ko canza shi. Lasisin MIT da na Apache 2.0 suna ba da dama mai faɗi, har kamfani ya saka kod ɗin a cikin hajarsa ba tare da ya buɗe nasa ba. Lasisin GPL, wanda ya fito daga aikin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983, ya shardanta cewa duk wanda ya rarraba manhajar da aka gina a kansa dole ya bayar da tushenta bisa wannan lasisi. Abin da ya shafe ka a nan shi ne gudummawarka za ta shiga ƙarƙashin lasisin aikin, kuma ba ka da damar kwaso kod daga wani wuri mai lasisi dabam ka manna. Idan kana aiki a kamfani, ka karanta yarjejeniyar ɗaukarka aiki, domin wasu kamfanonin suna mallakar duk abin da ma'aikaci ya rubuta da na'urarsu ko a lokacinsu.

Bayan lasisi sai fayil ɗin da ake kira CONTRIBUTING, wanda ke bayyana yadda ake aiko da aiki a wannan gida. Mutane suna tsallake shi saboda zaton ko'ina hanya ɗaya ce, alhali ba haka ba ne. Ƙwayar Linux har yanzu ta imel ake aika mata faci, a rubutu tsantsa ba tare da ado ba, kuma a cikin tushenta akwai ƙaramar manhaja mai suna `get_maintainer.pl` da ke gaya maka wanda za ka aika wa, da `checkpatch.pl` da ke duba tsarin rubutunka. PostgreSQL ma ta imel ake tattauna faci. Django tana karɓar gyara a GitHub amma rahotannin matsala a Trac take ajiye su, LibreOffice tana bita a Gerrit, Mozilla kuma tana amfani da Bugzilla. Wanda ya aika gyara ta ƙofar da ba ita ba ce ya sanar da kowa, tun kafin a buɗe kod ɗinsa, cewa bai karanta ƙa'idar gidan ba.

Game da Git, kayan aikin adana tarihin canje-canjen kod wanda Torvalds ya rubuta a 2005, ba sai ka ƙware ba kafin ka fara. Ya isa ka iya yin kwafin rumbun zuwa asusunka, ka sauko da shi da `git clone`, ka buɗe sabon reshe, wato layin aiki na gefe, don kowane gyara, ka adana canji, ka tura shi, sannan ka iya janyo sababbin canje-canje daga rumbun asali don kada reshenka ya tsufa. Abu guda da zan jaddada shi ne kada ka yi aiki a kan babban reshe. Sauran, irin su `git rebase` da warware karo tsakanin canje-canje biyu, za ka koye su ranar da buƙata ta taso, kuma za ta taso da wuri.

Aikinka na farko na gaskiya shi ne ka gina manhajar a kwamfutarka, ka gudanar da gwaje-gwajenta, ka ga sun wuce, ba tare da ka canza ko harafi ɗaya ba. Wannan mataki yana iya cinye yini guda ko fiye, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya. Ka buɗe fayil a gefe, ka riƙa rubuta duk inda ka makale: umarnin da bai yi aiki ba, laburaren da takardar bayani ta manta ba ta ambata ba, sigar Python da aka rubuta wadda ta riga ta tsufa. Masu kula da aikin sun girka komai a na'urarsu tun shekaru da suka wuce, ba su ƙara bin waɗannan matakai daga farko ba, saboda haka ba su san inda takardar ta lalace ba. Kai ka sani, kuma wannan sani ba ya daɗewa, domin bayan wata guda kai ma za ka manta abin da ya ba ka wahala. Gyaran da ya ce an rasa mataki kaza a umarnin girkawa, ga yadda ya kamata ya kasance, gudummawa ce ta gaske da ake karɓa hannu bibbiyu.

Amma aikin da na fi so sabon mai koyo ya duƙufa a kai, kuma wanda aka fi sakaci da shi, shi ne tabbatar da rahotannin matsala. A kusan kowane aiki akwai tarin rahotanni da aka rubuta cikin gaggawa, irin wanda mutum zai ce manhajar ta daina aiki ke nan, bai faɗi sigar da yake amfani da ita ba, bai faɗi tsarin kwamfutarsa ba, bai nuna saƙon kuskuren ba. Mai kula da aiki ba zai iya gyara abin da ba zai iya haddasawa a gabansa ba, don haka irin wannan rahoto yana iya zama shekara biyu babu wanda ya taɓa shi. Idan ka ɗauki ɗaya, ka yi ta gwadawa har matsalar ta faru a na'urarka, sannan ka riƙa rage misalin, kana cire duk abin da ba shi da hannu a ciki, har ya koma layi goma da kowa zai iya gudanarwa ya ga kuskuren, to ka yi kaso mafi wahala na gyaran. Sai ka rubuta a ƙarƙashin rahoton: ga sigar manhajar, ga tsarin kwamfutar, ga layukan, ga abin da ya kamata ya fito, ga abin da ya fito. Haka kuma idan ka gwada ka ga tsohuwar matsala ta gushe a sabuwar siga, faɗin hakan yana ba su damar rufe rahoton.

Bari in kawo misali da irin matsalar da ta yawaita a manhajojin Python. Umarnin `open()` da ake buɗe fayil da shi, idan marubuci bai faɗi tsarin haruffa ba, yana ɗaukar wanda kwamfutar ta saba da shi. A Linux da macOS wannan galibi UTF-8 ne, amma a Windows an daɗe ana faɗawa kan wani tsohon tsari kamar cp1252, wanda babu haruffa irin su ƙ da ɗ a cikinsa. Sakamakon haka, fayil ɗin da ke ɗauke da irin waɗannan haruffa yana fitowa a dagule idan an karanta shi, idan kuma an zo rubutawa sai manhajar ta tsaya da saƙon `UnicodeEncodeError`. Mai kula da aikin da ke kan Linux zai gwada sau goma bai ga komai ba, ya rubuta cewa a wajensa lafiya lau take aiki. Kai da kake da Windows za ka gani nan take, kuma sau da yawa gyaran bai wuce ƙara `encoding="utf-8"` a wurin da ya dace ba, tare da gwajin da zai hana matsalar dawowa. Haka abin yake ga tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙwaƙwalwa, ko intanet mai yawan yankewa, ko ƙaramin allo: yanayin da kake ganin nakasu ne a wajenka wurin gwaji ne da masu aikin ba su da shi.

Akwai kuma rahoton da ke cewa abu kaza yana aiki a tsohuwar siga, ya lalace a sabuwa. Don irin wannan Git yana da umarnin `git bisect`. Za ka nuna masa wuri ɗaya a tarihi inda komai ke lafiya da wuri ɗaya inda ya lalace, sai ya kai ka tsakiya, ka gwada ka gaya masa ko lafiya ko ba lafiya, ya sake raba abin da ya rage biyu. Tunda kowane mataki yana zubar da rabi, canje-canje 1,000 ba za su ɗauke ka fiye da matakai goma ba. Wannan aiki haƙuri yake buƙata fiye da zurfin ilimi, amma mutumin da ya zo ya ce ga ainihin canjin da ya jawo matsalar ya ceci mai kula da aiki daga sa'o'i na bincike, kuma za a tuna da sunansa.

Za ka ji ana ba da shawarar neman rahotannin da aka yi wa alamar `good first issue`. Alamar tana da amfani, amma a manyan ayyuka mutane da yawa suna dakon ta, sai ka ga cikin sa'a guda mutum biyar sun rubuta cewa a ba su aikin, daga nan kuma a ji su shiru. Idan ka ga wani ya yi da'awar aiki watanni da suka wuce bai kawo komai ba, babu laifi ka tambaya cikin ladabi ko yana kan aikin, in ba ya yi kai za ka ɗauka. Kuma maimakon ka tsaya a roƙon izini kawai, ka faɗi abin da ka gano: kana ganin matsalar tana cikin fayil kaza, kana shirin gyara ta ta hanya kaza, ko hakan ya yi daidai da abin da suke so. Idan kuwa sabon abu kake son ƙarawa a manhajar, tambaya kafin rubutu wajibi ce. Mutane sun sha ɓata makonni suna gina abin da masu aikin suka riga suka yanke shawarar ba sa so, saboda kowane sabon abu nauyi ne da za su ɗauka har abada.

Yanzu ga abin da ya tsorata ka, wato yawan fayiloli. Babu wanda ke karanta babban rumbu daga farko zuwa ƙarshe, har waɗanda suka yi shekaru a cikinsa sassa kawai suka sani da kyau. Ana shiga ne ta bakin zare. Ka kwafi saƙon kuskuren, ka neme shi a cikin kod da `git grep`, zai kai ka layin da ya fito da shi. Daga nan ka bi baya ka ga wane ne ya kira wannan aiki, da me ya ba shi. Fayilolin gwaji su ne mafi kyawun bayani, domin suna nuna yadda marubutan suke tsammanin a yi amfani da kowane sashe. Idan ka ci karo da layin da ya yi maka kama da shirme, kada ka yi saurin share shi. Ka yi amfani da `git blame` ka ga canjin da ya kawo shi, ka karanta dalilin da aka rubuta a lokacin. Sau da yawa za ka tarar an sa shi ne don toshe wata matsala da ba ka taɓa tunaninta ba.

Idan ka zo rubuta gyaran, ka sa shi ya zama ƙarami, ya yi abu ɗaya tak. Jarabar da ke kama kowa ita ce, tunda an buɗe fayil, a gyara tazara a nan, a canza sunan wani abu a can, a sake tsara wani aiki da bai yi wa ido daɗi ba. Hakan yana mayar da faci mai layi biyar ya koma layi ɗari uku, mai bita kuma dole ya duba kowane layi don ya tabbata ba a ɓata komai ba, sai ya ajiye shi sai ranar da ya samu sarari, ranar da wataƙila ba za ta zo ba. Ka fara rubuta gwajin da ya faɗi saboda matsalar, sannan ka yi gyara ka ga ya wuce. Ka bi salon rubutun gidan ko da ba ka son sa. A saƙon da ke rakiyar canjin, al'ada ita ce layin farko ya zama gajere, kusan haruffa 50, sai layi fanko, sannan bayani. Kuma bayanin ya fi mayar da hankali ga dalilin canjin, domin abin da aka canza kowa zai gani a kod, dalilin ne ke ɓacewa. Wasu ayyukan, ciki har da Linux, suna buƙatar ka sa layin shaida cewa kana da haƙƙin bayar da kod ɗin, wanda `git commit -s` ke ƙarawa. Wasu kuma, kamar Python, sai ka sa hannu a yarjejeniyar mai gudummawa kafin a karɓi komai daga gare ka.

Bayan ka aika, injin gwaji zai gudana da kansa. Idan ya nuna ja, ka buɗe rahotonsa ka gyara kafin ka sa ran wani ɗan'adam ya duba. Sannan bita za ta zo, kuma da wuya ta zo babu gyara. Za ka iya samun sharhi goma sha biyar a kan layi ashirin, a rubuce a taƙaice babu gaisuwa babu sassautawa. Mafi yawan lokaci wannan ba raini ba ne; mutum ne mai buƙatu arba'in a gabansa, wataƙila kuma yana rubutu da harshen da ba nasa ba. A gaskiya wannan bita ita ce babbar ribar da za ka samu a duk harkar, domin ƙwararre ya zauna ya karanta kod ɗinka layi bayan layi kyauta. Ka amsa kowane sharhi, ka gyara abin da ka gamsu da shi, inda ba ka gamsu ba ka kawo hujja sau ɗaya, idan suka tsaya a kan ra'ayinsu ka bi, tunda su ne za su zauna da kod ɗin. Idan aka yi shiru, ka jira mako ɗaya ko biyu sannan ka tuna musu da layi ɗaya a wurin da aikin yake. Kada ka bi mutum zuwa akwatin saƙonsa na kansa ko shafukansa na sada zumunta. Wani lokaci za a ƙi gyaran gaba ɗaya bayan duk wahalar da ka sha, kuma wannan yana faruwa har ga waɗanda suka shekara goma a ciki.

Idan ka ga ana jan ƙafa wajen yarda da baƙo, akwai dalili. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund, wanda ke aiki a kan PostgreSQL, ya lura cewa shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya gano an dasa ƙofar sirri a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, a siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau, yayin da wasu asusun suke matsa wa mai kula da aikin, wanda shi kaɗai ne kuma ya gaji, lamba cewa ya ƙaro mataimaki, har aka ba Jia Tan iko. Tun daga nan masu kula da ayyuka suka ƙara taka-tsantsan, kuma sabon mutumin da ke gaggawar neman iko ko matsa lamba a haɗa aikinsa yana jawo wa kansa zargi.

Haka nan ka guji gudummawar neman suna. A Hacktoberfest na 2020, gangamin ba da gudummawa da ake yi a watan Oktoba, lokacin da ake ba da riga ga wanda ya aika buƙatun haɗa gyara guda huɗu, rumbuna sun cika da canje-canje marasa ma'ana, irin ƙara kalma ɗaya a takardar gabatarwa, har kamfanin DigitalOcean da ke shirya abin ya canza ƙa'ida cikin 'yan kwanaki, ya mayar da shi sai aikin da ya amince ya shiga. Yau irin wannan ambaliya tana zuwa ne ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Daniel Stenberg, mai kula da curl, manhajar aikawa da karɓar bayanai ta intanet, ya sha kokawa a fili kan rahotannin tsaro na ƙarya da inji ya rubuta, masu kama da gaskiya, waɗanda ke cinye sa'o'i kafin a gane babu komai a cikinsu. Ayyukan tsarin kwamfuta na Gentoo da NetBSD sun kafa dokoki a 2024 da ke hana ko taƙaita kod ɗin da aka samar ta wannan hanya. A ganina babu laifi ka nemi waɗannan kayan aiki su yi maka bayanin kod ɗin da ba ka gane ba, amma ka duba dokar aikin tukuna, kuma kada ka aika layin da ba za ka iya kare shi ba idan aka tambaye ka dalilinsa.

Abu biyu na tsaro da ba a yafe wa ko sabon shiga. Idan ka gano ɓarakar da za a iya cutar da mutane da ita, kada ka rubuta ta a dandalin rahotanni na fili. Ka nemi fayil ɗin SECURITY ka bi hanyar sirri da suka tanada. Sannan ka duba abin da kake turawa, kada kalmar sirri ko mabuɗin shiga wani asusu ya bi ka zuwa rumbu, domin share shi daga baya ba ya cire shi daga tarihi, dole ka soke shi ka yi sabo.

Akwai ayyukan da ba su buƙatar rubuta kod ko kaɗan, kamar fassara manhaja zuwa wani harshe ta Weblate ko Pontoon na Mozilla, da amsa tambayoyin masu amfani, da gwada sigar da ba a riga an saki ba. Duk suna da daraja. Sai dai idan burinka ƙwarewa a rubuta manhaja ne, ka ɗauke su a matsayin hanyar sanin mutane da tsarin aikin, kada ka zauna a nan saboda ya fi sauƙi.

Game da shirye-shiryen da ake biyan kuɗi, biyu ne suka fi shahara. Google Summer of Code ya fara a 2005, kuma daga 2022 an buɗe shi ga duk sabon mai gudummawa da ya kai shekara 18, ba ɗaliban jami'a kaɗai ba. Outreachy, wanda ke ƙarƙashin Software Freedom Conservancy, yana ɗaukar mutane sau biyu a shekara don aikin wata uku daga nesa, daga Mayu zuwa Agusta da kuma daga Disamba zuwa Maris, kuma yana da lokacin gwaji da masu nema ke ba da gudummawa kafin a yi zaɓe. A dukkansu masu horarwa suna fifita wanda suka riga suka ga aikinsa, suka ga yadda yake karɓar gyara. Saboda haka idan kana da niyyar nema, ka duba jerin ƙungiyoyin da suka shiga a shekarar da ta gabata, domin da yawa suna dawowa, ka zaɓi ɗaya ko biyu da ke amfani da Python, ka fara gina manhajarsu da tabbatar da rahotanninsu wata uku ko huɗu kafin a buɗe neman.